Arthur Eddington, Masanin Rana Wanda Ya Ƙi Ɗaukar Bindiga

A wannan wata za mu ba ku labarin wani Bature mutumin Ingila, sunansa Arthur Stanley Eddington. Shi ba fasto ba ne, ba kuwa mai bishara ba. Aikinsa nazarin rana da taurari ne. Amma mun ga ya kamata masu bi su san labarinsa, gama ya yi zamani da babban yaƙi, lokacin da al'ummai su ke karkashe juna, shi kuwa ya tsaya a kan cewa mutumin da ke wancan gefen yaƙin ɗan'uwa ne. Saura kaɗan ya shiga kurkuku saboda wannan.

Kafin mu ci gaba sai mu kawar da wata shakka. Ilmin taurari da mu ke magana a kai ba duba ba ne. Ɗan duba ya kan ce tauraro kaza zai kawo maka arziki ko tsiya, Littafi Mai Tsarki kuwa ya hana mu wannan. Su Eddington awo su ke yi da lissafi, domin su san nisan rana, da nauyinta, da abin da ke ba ta wuta.

Ƙuruciyarsa

An haife shi ran 28 ga watan Disamba 1882 a garin Kendal, a arewacin Ingila. Iyayensa 'yan Jama'ar Abokai ne, waɗanda a ke kira Kweka. Mutanen nan su kan taru ran Lahadi su zauna shiru, ba mai wa'azi na musamman, suna jiran Ruhu ya ba wani magana. A wasu al'amura hanyarmu da tasu ba ɗaya ba ce, gama ba su yin baftisma da ruwa, ba su kuma cin Jibin Ubangiji yadda mu ke yi. Amma tun kafuwarsu an san su da abu biyu. Ba su yin rantsuwa, domin sun ce mai bi ya faɗi gaskiya kullum. Ba su kuma ɗaukar makami.

Ubansa shugaban wata makarantar Abokai ne. A 1884 zazzaɓin taifot ya kashe shi, yaron bai cika shekara biyu ba. Uwar ta kwashi Arthur da yayarsa Winifred, ta koma wani gari a bakin teku, ta rene su da ɗan abin da ke hannunta. Da yaron bai yi ƙoƙari ba, da karatunsa ya tsaya, gama ba kuɗin biya. Sai dai duk jarrabawar da ya shiga ya kan ci taimakon kuɗin makaranta. A 1898 ya shiga kwalejin Owens a Mancesta tun bai cika shekara 16 ba. A 1902 ya wuce jami'ar Kambirij. A 1904 ya zo na ɗaya a babbar jarrabawar lissafi ta wurin, bayan shekara biyu kaɗai, abin da ba wanda ya taɓa yi kafinsa.

A 1906 aka ɗauke shi aiki a gidan nazarin taurari na Sarki a Greenwich. A 1912 aka aike shi Barazil ya ɗauki hoton husufin rana. Ya ƙetare teku da kaya niƙi-niƙi, ranar husufin kuwa aka wuni ana ruwa, ya komo hannu wofi. A 1913 aka naɗa shi farfesa a Kambirij, a 1914 aka ba shi shugabancin gidan nazarin taurari na jami'ar. Nan ya zauna da uwarsa da yayarsa. Bai taɓa yin aure ba. Mutum ne mai kunya, marar yawan magana, abin shaƙatawarsa kuwa hawan keke ne zuwa nesa.

Yaƙi ya raba masana

Tun da daɗewa masu nazarin rana sun san ba ƙasar da za ta iya aikin nan ita kaɗai. In rana ta faɗi a Ingila, tana tsaka a Amurka. In husufi zai faru, inuwar wata ba ta tambayar ƙasar wane sarki za ta bi. Saboda haka su kan aika wa juna awonsu ta wasiƙa da waya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A watan Agusta 1914 yaƙi ya ɓarke, duk wannan ya watse. Wani Bajamushe, Erwin Freundlich, ya riga ya tafi ƙasar Rasha domin husufin ran 21 ga watan, sai aka kama shi kamar maƙiyi, aka tsare kayan aikinsa. A watan Oktoba manyan masana 93 na Jamus suka sa hannu a wata takarda mai goyon bayan sojan ƙasarsu. Masanan Ingila suka husata. Wani farfesan taurari a Oxford, H. H. Turner, ya rubuta cewa ko bayan yaƙi bai kamata a sake amincewa da Jamusawa ba.

Eddington ma ya sha ɗacin yaƙin, gama mataimakansa biyu a gidan nazarin taurari sun mutu a ciki. Duk da haka a 1916 ya rubuta amsa a fili. Ya roƙi abokan aikinsa su tuna da wani masani Bajamushe guda wanda suka sani, suka ci abinci tare da shi, su ga ko za su iya kiransa da munanan sunayen da jaridu ke kiran Jamusawa. Kaɗan ne suka goyi bayansa.

A wannan shekara ce wani masani a Holan, Willem de Sitter, ya aiko masa da labarin wani sabon tunani. Holan ba ta cikin yaƙi, shi ya sa wasiƙa ke iya wucewa. Mai tunanin kuwa Albert Einstein ne, Bayahude, mazaunin Balin babban birnin Jamus, wanda ya ƙi sa hannu a takardar nan ta mutum 93. Eddington ya karanta, ya gane lissafin, ya ga babban abu ne.

Abin da Einstein ya ce

Tun 1687 Isaac Newton, mutumin Ingila, ya bayyana ƙarfin jan da ke sa mangwaro ya faɗo ƙasa, ya kuma riƙe duniya tana kewaya rana. Fiye da shekara 200 ba wanda ya iya gyara masa. A watan Nuwamba 1915 Einstein ya ce abu mai nauyi ya kan lanƙwasa sararin da ke kewaye da shi. Misali, mutum huɗu su riƙe zane su miƙe shi sarai, a ɗora dutse a tsakiya. Zanen zai lotsa. In ka gangara da ɗan goro ta kusa da dutsen, ba zai tafi sak ba, sai ya karkata. Haka hasken tauraro zai karkata in ya bi ta gefen rana, har mu ga tauraron ya ɗan gusa daga mazauninsa.

Gushin nan ƙanƙane ne ƙwarai. Masu awo su kan raba digiri ɗaya kashi 3,600. Einstein ya ce tauraron da ke daidai bakin rana zai gusa kashi 1.75 na irin waɗannan. Bisa lissafin Newton rabin wannan ne, wato 0.87. Kamar faɗin tsohon kwabo ke nan in an hange shi daga nisan mil biyu. Ga kuma wata wahala, ba a ganin taurari kusa da rana sai wata ya rufe ta ɗungum.

Shugaban gidan Greenwich, Frank Dyson, ya lura cewa ran 29 ga watan Mayu 1919 za a yi husufi mai tsawo, rana kuwa za ta kasance a gaban wani gungun taurari masu haske, maƙwabtan waɗanda mu ke kira Kaza da 'Ya'yanta. Ya samo fam 1,100 daga gwamnati, aka soma shiri yaƙi bai ƙare ba tukuna.

A gaban masu shari'a

Tun 1916 Ingila ta kafa dokar tilasta wa maza shiga soja. Kimanin mutum 16,000 suka ƙi saboda lamirinsu, aka ɗaure dubbai a cikinsu, jama'a kuma suna yi musu kallon matsorata. Da fari jami'a ta roƙa aka bar Eddington domin amfanin aikinsa. A 1918, da sojoji suka yi ƙaranci, hukuma ta nemi a soke wannan izini. Manyan jami'a suka so ya yi shiru, su kuɓutar da shi da sunan aiki kawai. Shi kuwa bai yarda ya ɓoye ainihin dalilinsa ba. Ya tsaya gaban masu shari'a ya shaida cewa bangaskiyarsa ce ta hana shi, bai gaskata Allah na kiransa ya je ya kashe mutane ba. Ya ce a shirye ya ke ya ɗauki masu rauni a bakin daga, ko ya yi aikin girbi a gona.

Da an ƙi shi, da ya rasa matsayinsa, watakila ya bi 'yan'uwansa zuwa kurkuku. Dyson ya rubuto wasiƙa ya ce ba wanda ya fi shi dacewa da tafiyar husufin. A watan Yuli 1918 aka ba shi izinin wata 12, bisa sharaɗin zai yi tafiyar. Ran 11 ga watan Nuwamba yaƙi ya tsaya.

A tsibirin Principe

Ran 8 ga watan Maris 1919 mutum huɗu suka tashi daga Libaful a jirgin ruwa. Andrew Crommelin da Charles Davidson suka nufi garin Sobral a arewacin Barazil. Eddington da Edwin Cottingham, wani gwanin gyaran agogo, suka nufi Principe, ɗan tsibiri a teku kudu da gaɓar Nijeriya, wanda a lokacin ke hannun Fotugal. An raba su biyu ne domin in gajimare ya hana waɗannan, waɗancan su samu. Babban gilashin da Eddington ya tafi da shi aro ne daga Oxford, wurin Turner ɗin nan da suka yi gardama.

Suka sauka ran 23 ga watan Afrilu, suka kafa kayansu a wata gonar koko mai suna Sundy. 'Yan Afirka ma'aikatan wurin su suka ɗauki akwatunan a kai suka ratsa kurmi da su. Ba a rubuta sunayensu ba, amma da hannunsu a cikin aikin.

Ranar husufi gari ya waye da tsawa da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Lalle Eddington ya tuna da Barazil. Wajen tsakar rana ruwan ya ɗauke, amma gajimare bai washe ba. Bayan ƙarfe biyu kaɗan wata ya rufe rana, duhu ya sauko na kimanin minti biyar. Cottingham yana kula da lokaci, Eddington yana ta canza gilasan hoto, bai ko sami zarafin kallon abin da ya zo dominsa sosai ba. Suka ɗauki hoto 16. Da aka wanke, yawancinsu gajimare ne kawai. Biyu ne kaɗai suka nuna taurari isassu.

Sa'an nan aka shiga aikin haƙuri. Aka gwada hotunan da waɗanda aka ɗauka na taurarin nan da dare a Ingila, sa'ad da rana ba ta kusa da su. Bambancin a kan gilashi bai kai kaurin gashin kai ba. Awon Principe ya ba da 1.61. Ƙaramin madubin Sobral, wanda hotunansa suka fi kyau duka, ya ba da 1.98. Babban madubin Sobral ya ba da wajen 0.93, amma hotunansa sun yi dishi-dishi, Dyson da mutanensa suka ajiye su gefe.

Ran 6 ga watan Nuwamba 1919 aka yi babban taro a Landan aka sanar cewa awon ya goyi bayan Einstein. Kashegari jaridu suka ɗauka, sunan Einstein ya gama duniya. Abin da ya fi daɗa wa Eddington rai shi ne, shekara guda bayan yaƙi, mutanen Ingila sun ƙetare teku sun tabbatar da maganar masanin Balin.

Daga baya wasu suka yi zargin cewa son sulhu ya sa aka zaɓi hotunan da a ke so. Amma a 1922 masanan Amurka suka sake awon a Ostareliya suka sami kusan abin da Einstein ya faɗa. A 1979 aka sake auna tsofaffin gilasan Sobral da sababbin na'urori, har waɗanda aka ajiye gefe suka ba da 1.55. Awon zamaninmu ya tabbatar da 1.75.

Sulhu bai zo da sauri ba

Kada mu zaci husufi ɗaya ya wanke zukata. A watan Yuli 1919 aka kafa ƙungiyar masanan taurari ta duniya a Beljiyam, aka rufe wa Jamus ƙofa. A 1920 ƙungiyar masanan taurari ta Ingila ta yi niyyar ba Einstein lambar zinariya, labari har ya kai masa, sai wasu suka hana a ƙarshe. Eddington ne ya rubuta masa ya ba shi haƙuri. Sai a 1926 aka ba shi lambar. A 1938 aka zaɓi Eddington shugaban ƙungiyar nan ta duniya, shekara guda kuma wani yaƙin ya tashi. Jamus ba ta shiga ƙungiyar ba sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu, shi kuwa ya riga ya rasu.

Wutar da ke cikin rana

Babban aikinsa na biyu shi ne binciken cikin rana. Tana nesa da mu mil miliyan 93, haskenta ya kan yi minti takwas da ɗan kai kafin ya iso. Me ta ke ci da wutarta ba ta mutuwa? Da gawayi ce, da ta ƙone cikin 'yan dubban shekaru. Eddington ya nuna da lissafi cewa nauyin rana yana danna ta ciki, zafi da haske kuma suna tura ta waje, biyun nan suka yi daidai, shi ya sa ba ta rushe ba, ba ta kuwa fashe ba.

A 1920 wani abokin aikinsa a Kambirij, Francis Aston, ya auna ya ga ƙwayar zarra ɗaya ta hiliyam ba ta kai nauyin ƙwaya huɗu na haidirojin ba. Eddington ya ce to, a tsakiyar rana haidirojin ke haɗuwa ya zama hiliyam, ɗan nauyin da ya ɓace shi ke zama zafi da haske. A 1939 Hans Bethe ya bayyana yadda abin ke gudana daki-daki. Yau mun san zafin tsakiyar rana ya kai digiri miliyan 15, tana kuma mai da kimanin tan miliyan huɗu na jikinta haske a kowace daƙiƙa. Tun a 1920 ɗin ya yi gargaɗi cewa in mutum ya mallaki irin wannan ƙarfi, zai iya zama masa alheri, zai kuma iya hallaka kansa da shi. Bai cika shekara da rasuwa ba aka jefa bom a Hiroshima.

Laifinsa

Ba za mu ɓoye inda ya yi tuntuɓe ba. Ya taimaki baƙi da yawa. Georges Lemaître, wani fada daga Beljiyam, ya yi karatu a wurinsa, Eddington kuwa ya sa aka juya takardarsa zuwa Turanci a 1931, duniya ta san tunaninsa cewa sararin sama yana ta faɗaɗa. Amma a watan Janairu 1935 wani saurayi ɗan Indiya mai shekara 24, Subrahmanyan Chandrasekhar, ya kawo lissafi cewa tauraron da wutarsa ta ƙare, in ya wuce wani nauyi, dole ya rushe cikin kansa. Eddington ya tashi a gaban taro ya mai da maganar abin dariya. Saboda girmansa ba wanda ya fito ya kāre yaron. Saurayin ne kuwa ke da gaskiya, a 1983 aka ba shi lambar Nobel. Eddington bai janye ba har ya mutu. Mutumin da ya saurari baƙo daga ƙasar maƙiya ya kasa sauraron ƙaramin da ke gabansa. Chandrasekhar bai riƙe shi a zuci ba, shi ne ma ya yi laccar girmama shi a 1982, cikar shekara 100 da haihuwarsa.

Ƙarshensa

Duk ransa bai bar taron Abokai ba. A 1929 ya yi musu lacca a kan kimiyya da duniyar da ba a gani. Ya ƙi yarda a ce an tabbatar da Allah ta wurin lissafi, gama lissafin masana ya kan sāke, bangaskiyar da aka gina a kansa kuwa za ta rushe tare da shi. A ganinsa awo ba ya kai ga dukan abin da ke akwai, mutum kuma ya kan san Allah kamar yadda ya san abokinsa. Sarkin Ingila ya ba shi sarautar Sir a 1930. Ya rasu a Kambirij ran 22 ga watan Nuwamba 1944, bayan an yi masa aiki a asibiti, yana da shekara 61.

Abin da ya yi marmari ya zo daga baya. Daga watan Yuli 1957 zuwa Disamba 1958 ƙasashe 67, har da Amurka da Rasha masu gāba da juna, suka haɗa kai suka auna rana da iskar sama da maganaɗisun duniya. Shugaban kwamitin aikin, Sydney Chapman, shi ma ya ƙi ɗaukar makami a yaƙin farko saboda addini. A watan Disamba 1995 ƙasashen Turai da Amurka suka harba wata na'ura mai suna SOHO ta tsaya wajen mil miliyan ɗaya daga duniya tana gadin rana. Gadin nan yana da amfani, gama rana ta kan yi aman wuta. A watan Maris 1989 irin wannan ya kashe lantarkin lardin Kebek a Kanada har awa tara.

Waɗanda ke Gusau da Katsina da Maraɗi da Damagaram ran 29 ga watan Maris 2006 sun ga irin duhun da Eddington ya gani. Wasu sun firgita, suna cewa rana ta yi zazzaɓi. Mai bi ba shi da abin tsoro a nan, gama inuwar wata ce, masana kuwa sun san ranarta da sa'arta tun shekaru da yawa. Sai dai kada kowa ya kalli rana da ido tsirara, ta kan makantar.

'Yan'uwa, mu ma muna da waɗanda aka koya mana mu ƙi, ko don kabila, ko don addini, ko don abin da ya faru a garinmu wata shekara. In an zauna ana zaginsu jimla, da wuya mutum ya buɗe baki ya ce ya san ɗaya a cikinsu, mutumin kirki ne. Eddington ya yi haka, ya kuwa san abin da zai iya jawo masa. Ku karanta Zabura 19 da Matiyu sura 5 a gida wannan mako. Mu roƙi Ubangiji, wanda ya yi ranar nan da ke haskaka mu da maƙiyanmu duka, ya ba mu irin wannan ƙarfin zuciya, ya kuma tsare manyanmu daga raina maganar ƙanana.